Daga Jakara Zuwa Soron Ɗinki

Shekara huɗu cur Luba ta yi tana zawarci a gidan baffanta, Malam Jibrin na Soron Ɗinki, kuma ba rashin manema ne ya zaunar da ita ba. Manema kam har sun gundure ta. Mutum ɗaya take so, Saja Gidaɗo mai gyaran kwaɗo da makulli a Jakara, shi kuwa Baffa ya ce ko sunansa kada a ƙara ambata masa a zaure.

Tun suna ƙuruciya suke son juna. Aka kwashi Gidaɗo aka kai shi yaƙin Turawa a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, bayan shekara biyu labari ya zo cewa ya mutu a can. Luba ta sha kukanta, ta haƙura, ta yi aure. Kwatsam sai ga mamaci ya sauko daga jirgin ƙasa da jakarsa, ƙafar hagu ta sandare, ga guntun ƙarfen bam a ƙirji wanda likitoci suka ce in aka taɓa shi rai zai bi. Auren Luba bai yi ƙarko ba, mijin ya sake ta don ba ta haihu ba. Tana gama idda Saja ya aiko.

Baffa ya ce atafau. "Mutumin da ya ɗauki bindigar Nasara, ya ƙetare ruwa, ya shekara uku yana cin naman gwangwani da ba a san wanda ya yanka ba? Ba a zuriyar gidan nan ba."

To, Baffa malami ne, ya san bazawara ba a yi mata dole. Ita ma Luba a gidan malamai ta tashi, ta san ba aure sai da waliyyi, mahaifinta kuwa ya rasu, ba ta da wani waliyyi sai Baffa. Shi ba zai iya ba da ita ga wanda yake so ba, ita ba za ta iya zuwa ga wanda take so ba. Haka suka zauna a gida ɗaya, tana gaishe shi da safe yana amsawa, tana ɗinkin hularta yana karatunsa. Taurin kai dai, wallahi, jini ɗaya ne.

Wanda Baffa yake so shi ne Alhaji Ɗantani, bafataken goro, mutum mai ƙiba da fara'a wanda tun daga bakin lungu ake jin ƙamshin turarensa. Duk Alhamis sai ya zo zance.

"Luba, wai me kike jira ne? Mutumin nan fa rabinsa a Bama aka baro."

"Rabin da ya dawo ya ishe ni, Alhaji."

Sai ya yi dariya ya ajiye turmin atamfa, ita kuma gari na wayewa ta sa a mayar masa.

A daminar 1954, wata safiyar Litinin, Gwaggo Ma'u ta yi sallama. Ƙanwar mahaifin Saja ce, tsohuwa tukuf, ita kaɗai ke zaune da shi. Ta shigo ƙafafunta duk taɓo, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba ta zube a ƙofar ɗakin Luba.

"'Yar nan, Gidaɗo ya kwanta. Yau kwana goma sha ɗaya bai buɗe rumfa ba."

Luba ta ajiye allurar da ke hannunta. "Ƙirjin ne?"

"Shi ne. Tari yake da jini. An kai shi asibiti, likita ya ce ƙarfen ya motsa, a koma da shi gida. Ni kuwa kin gan ni, ko tulu ba na iya ɗagawa, bare ƙato kamarsa. Jiya ya zame daga kan gado, tun azahar yana ƙasa sai la'asar na sami wanda ya taya ni. Ya hana ni zuwa wurinki, satar jiki na yi."

Luba ta miƙe. Ta yafa mayafi ta nufi ɗakin Baffa, abin da ba ta taɓa yi ba sai an kira ta.

Ta same shi a kan buzu yana duba takardu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kuka ya riga maganarta fita.

"Baffa, shekara huɗu ban taɓa ɗaga maka murya ba. Ka ce kada in ambace shi, ban ambata ba. Ka ce kada in bi ta Jakara, ko kasuwar Kurmi na je zagayawa nake. Yau ga shi a kwance, ba mai juya shi, ba mai ba shi ruwa sai tsohuwar da ita ma jinya take buƙata. Ni ba matarsa ba ce, ba ni da ikon shiga ɗakinsa. Don darajar mahaifina da ke kabari, Baffa, ka ɗaura mana, in je in yi jinyarsa."

"Lubabatu, tashi zaune."

"Ba zan tashi ba. Naman gwangwanin da ya ci, ba da son ransa ya ci ba. Tun da ya dawo wa ya taɓa ganinsa a gidan giya? Wa ya riga shi sahun asuba da ƙafar nan tasa? Ka tambayi mutanen Jakara. Ni ina son sa, Baffa, yau na faɗa da bakina, kunyar ta ƙare."

Malam Jibrin ya daɗe yana kallon takardun da ke gabansa. Da ya ɗago, muryarsa ba irin ta kullum ba ce.

"Na tambaya tuni. Tun bara na tambaya, ban ji sharri ba. Girman kai ne ya hana ni janye maganata." Ya nisa. "Na yarda, Lubabatu. Amma na makara. Shekara huɗu ni na hana, yau kuma ba ni ba ne."

"Wane ne kuma?"

"Shari'a. Wanda ciwo ya kwantar har ana tsoron ajali, ba a ɗaura masa aure. In an ɗaura ma warware shi ake yi, don kada a shigar wa magada wanda ba ya cikinsu."

"Gado? Baffa, me ya mallaka ban da guduma da tsofaffin makullai? Na yafe!"

"Ba a yafe wannan. Hukunci ba ya duba abin da ke ranki."

Luba ta kifa kai a ƙasa tana kuka kamar ranta zai fita. Baffa ya bar ta sai da ta yi mai isarta, sannan ya ce, a hankali, kamar mai karanta wa ɗalibi:

"Wanda yake fita, yake tafiya da ƙafarsa, yake biyan buƙatarsa, ba a kiransa mai ciwon ajali ko da yana da ciwo. In Allah ya ba shi sauƙi har ya tako ya zo zauren nan, jama'a suka gani, a ranar zan ɗaura. Iyakar abin da na sani ke nan."

Da la'asar ta bi Gwaggo Ma'u zuwa Jakara. Gidan ɗan ƙarami ne, zaure ɗaya, ɗaki biyu. Ta tsaya a tsakar gida, asabari a sake a ƙofar ɗakinsa, tana jin numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Saja, sannu da jiki."

Daga ciki ya ce, "Luba? Gwaggo ta ci amanata ke nan."

"Ta kyauta."

Ta gaya masa yadda suka yi da Baffa, ba ta rage komai ba. Tana gamawa ta gane kuskurenta, don ta ji gadon ya yi ƙara, alamar yana ƙoƙarin tashi.

"Kada ka motsa! Na gaya maka ne don ka san ya yarda, ba don ka zo ba. Ka bari sai ka ji sauƙi."

"Luba, ni soja ne, na ga masu irin ciwon nan da yawa. Sauƙin da kike jira ba ya hanya."

"Kada ka ce haka."

"To me zan ce? Daga nan zuwa Soron Ɗinki nawa ne? Mu da muka yi kwana goma sha bakwai muna ratsa daji, ruwa har wuya, da akwatin harsashi a ka."

"Lokacin ƙarfe bai shiga ƙirjinka ba!" Ta dafa bango, hawaye na zuba. "In ka faɗi a hanya fa? Ni na kashe ka ke nan. Gara in tsaya a nan bayan asabari ina jin numfashinka, da in zama matarka ta yini ɗaya. Na roƙe ka, Saja."

Ya yi tari mai tsawo, Gwaggo ta shiga da ƙwarya ta fito tana ɓoye ta a bayan zane.

"Ki saurare ni," in ji shi. "Sau ɗaya aka taɓa ce miki na mutu, kika yi kuka a ɓoye, don ba ki da hurumin yi a fili. Wannan karon na gaske ne. Ina so in an zo gaisuwa a san wadda za a yi wa. Kuma ina so in ga fuskarki ba ta bayan asabari ba. Ki ce wa Malam jibi da hantsi."

"Ban yarda ba."

"Ba shawara na kawo ba, Luba. Gwaggo, a aika Ƙofar Kabuga a gaya wa Bappa Hammadu ya zo da karsanar nan ta sadaki."

Kwana biyun nan Luba ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa.

Ranar Laraba gari ya waye da yayyafi. Tun da sassafe zauren Baffa ya cika, har da waɗanda ba a gayyata ba, don labari ya zaga unguwa. Ina aka taɓa ganin ango ya zo wurin ɗaurin aurensa? Wakili ake turawa, shi yana can ɓoye a gidan aboki. Alhaji Ɗantani ma ya zo, ya sami wuri kusa da ƙofa, yana ta duba agogon aljihunsa. Bappa Hammadu, ƙanen mahaifin Saja, ya ɗaure karsanar sadaki a gindin dalbejiya ya zauna.

Luba tana soron ciki, ta manna ido a tsagar ƙyaure. Hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta kusa tsakiya.

"Allah gafarta Malam," in ji Alhaji Ɗantani, "anya ba a sallami jama'a ba?"

Baffa ya ci gaba da kallon ƙofa.

Daga baya ne aka ba Luba labarin tafiyar Saja. Sau huɗu ya zauna a hanya. A wajen 'yan goro aka kawo masa jaki ya ƙi, wani maƙeri ya kama hannunsa ya ture shi. Ta cikin Kurmi ya ratsa, cikin taɓo, yana jan ƙafa, mutane suna buɗa masa hanya, har masu rumfa suka bar kayansu suka biyo shi a baya.

Abin da ta gani da idonta shi ne shigowarsa. Farar riga ya sa, gindinta duk laka, fuskarsa ta zabge har ta kusa kasa gane shi. Ya tsaya a bakin zaure ya jingina sandarsa a bango, ya yi sallama, ya tako taku uku ba sanda, sannan ya durƙusa gaban Baffa.

"Yaya jikin, Gidaɗo?"

"Ga ni dai, Malam."

Tari ya taso masa, ya kai hannun riga baki ya danne, ya naɗe hannun rigar a cinyarsa. Baffa ya dube shi, ya dubi jama'a.

"Kun ga ya zo da ƙafarsa?"

Aka ce, "Mun gani."

Bappa Hammadu ya nemi auren, Baffa ya bayar, aka ambaci karsana, aka shafa fatiha, aka raba goro. Luba ta sulale ta zauna a ƙasan soro, ta rasa kuka za ta yi ko me. A amalanke aka mayar da ango gida.

Ba lalle, ba guɗa. Da la'asar Luba ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, matan gida biyu suka raka ta. Ta ɗaga asabarin nan da hannunta ta shiga.

Kwana tara suka yi. Ita ke juya shi, ita ke goge masa jiki da ruwan ɗumi, ita ke wanke ƙwaryar. Da rana ta kan tallafe shi su fito bakin ƙofa ya sha iska, ya riƙa koya mata yadda ake gane kwaɗon da ya yi tsatsa da wanda haƙorinsa ya karye, tana cewa me za ta yi da wannan. A rana ta uku ta yi masa miyar kuka, ya kurɓa sau biyu ya yamutsa fuska.

"Shekara goma sha biyu ina mafarkin miyarki, ashe gishiri kike cikawa."

"To a mayar da karsanar mana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta yi ta yi masa sannu tana zagin kanta. Waɗannan kwanaki su ne mafi daɗi da ta taɓa yi a duniya, kuma ta san da haka tun tana cikinsu.

Ranar Juma'a da hantsi tana dama masa koko ya kira ta. Ta zo ta ɗora kansa a cinyarta. Ya ce ƙafarsa ta hagu ta daina ciwo. Ya yi kalmar shahada, ta taya shi, ya sake yi shi kaɗai a hankali, shi ke nan. Ta rufe masa ido, ta gyara masa ƙafafu, sannan ta fita ta gaya wa Gwaggo.

Bayan an sauko daga masallaci aka kai shi. Baffa ne ya yi masa salla. Da aka dawo maza suka zauna a zauren gidan, mata a tsakar gida, kuma tsakanin nan da can bango ɗaya ne, duk abin da aka faɗa ana ji. Luba tana zaune a kan tabarma ta ji muryar Alhaji Ɗantani, ya sassauta ta kamar mai tausayi.

"Allah ya ji ƙansa, ya huta. Sai dai, Allah gafarta Malam, kai ka fi mu sani. Tunda ciwon nan shi ne ya zama ajalinsa, kwana tara kacal, ai ka ga auren bai zauna ba. Ina ganin ba sai an wahalar da yarinyar nan da takaba ba. A mayar da ita gida kawai."

Wani dattijo ya ce, "Maganar tana da kamar hujja fa."

Luba ta kasa kunne. In Baffa ya ce haka ne, yau ɗin nan za ta ɗaure zanenta ta koma Soron Ɗinki kamar wadda ta zo dubiya. Ba matar kowa ba ce, ba a yi mata mutuwa ba, tafiyar da ya yi ta tashi a banza. Kuma ta san Baffa, bai taɓa karkata hukunci don kowa ba, ko don kansa. Gwaggo Ma'u ta kamo hannunta ta riƙe.

Baffa ya miƙe daga cikin maza. Can sai aka ji sallamar Baffa a ƙofar tsakar gida. Mata suka ja mayafi suka rusuna. Ya tsaya daga nan, inda na ciki da na waje duk za su ji shi.

"Lubabatu."

"Na'am, Baffa."

"Ranar nan na ga jinin da ya ɓoye a hannun riga. Na gani sarai, na kau da kai, na ɗaura. Mutum ya taso daga Jakara ya ratsa Kurmi ya zo gabana da ƙafarsa, jama'a sun shaida, a kan wannan na tsaya, kuma ba zan warware ba. In akwai tambaya gobe ƙiyama, ni za a yi wa." Ya gyara tsayuwa. "Kuma ba kwana taran nan nake tsoro ba. Shekara huɗun nake tsoro."

Ya juya ga Gwaggo Ma'u.

"Matarsa ce. Wata huɗu da kwana goma, a nan ɗakinsa za ta yi. A fara yi mata gaisuwa."

Sannan shi da kansa, dattijon da ya riƙe ta tun tana 'yar shekara bakwai, ya ɗan sunkuya ya ce, "Lubabatu, yaya haƙuri? Allah ya ji ƙan maigidanki."

Luba ta buɗe baki ta amsa, sai kukan da ta riƙe tun hantsi ya ƙwace, da ƙarfi, a gaban kowa, ba wanda ya ce ta yi shiru. Gwaggo Ma'u ta matso bayanta, ta zame mata ɗankwali, ta fara tsefe mata kitso.